Matar da Ba Ta Amsa Sallama

Ƙarfe bakwai na safe Malama Felicia take buɗe ɗakinta a wata 'yar tashar gwajin iri da ke bayan garin Dutsin-Ma. Ta dafa kwalabe a tukunya, ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗaure baki da hanci da farin ƙyalle, ta ja ƙofa. Sannan ta ɗauki aska ta yanko kan tohon rogo, ɗan mitsitsin da bai kai ƙwayar gero ba, ta ɗora shi cikin kwalba bisa wani abinci mai kama da daskararren koko. Cutar da ke nannaɗe ganyen rogo ba ta cika kaiwa wannan ɗan kan ba, don haka abin da ya tsiro daga gare shi lafiyayye ne. Shekara tara tana wannan aiki ita kaɗai. Manya sun leƙo sau biyu, duka biyun tare da mai ɗaukar hoto.

Dokar aikin guda ce: muddin kwalba na buɗe, ba magana, domin numfashi ɗaya ya isa ya sa hunhuna ta cinye wahalar wata uku. Mu kuwa mukan yafe wa ɓarawon akuya kafin mu yafe wa wanda ya ƙi amsa sallama.

A shekarar fari ta 1984, Malam Atiku, wani dattijon manomi, ya tuƙo keke tun daga ƙauyen Rawayau neman irin rogo. Gero bai yi ba, cuta ta gama da rogonsa. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama sau uku. Felicia tana jin sa sarai, amma kwalba na buɗe a hannunta, ga yankakken toho na neman bushewa. Ta yi shiru. Ko da ta fito, sai sawun keke.

Ranar kasuwar Kurfi magana ta zaga.

"Wai kurma ce?"

"Ina fa! Boko ne ya toshe mata kunne."

Kande mai ƙosai, wadda da ita kaɗai take jan ta da hira, ta koma miƙa mata ƙosai fuska a kauce. Felicia baƙuwa ce daga Kudu, ba miji, ba dangi. Sai ta riƙa cin abincin rana a gindin bishiya, tana kallon tagar ɗakin kwalabenta.

Ta bincika har ta gano mai keken. Da damina ta faɗi, ta ɗauki dashe sittin ta kai masa Rawayau da kanta.

"Baba, ga rogonka."

"Au! Ashe kina da baki?"

"Ina da shi, Baba. Da na buɗe shi ran nan, da waɗannan sun mutu."

"Rogon kwalba! To, ajiye can, 'yar nan, mu ga ikon Allah."

Ya dasa ne don ya kunyata ta, rogon ya ƙi ba shi haɗin kai. Yau karansa ya bi gonaki har bakin madatsar ruwa ta Zobe, kuma sunan irin a bakin kowa "ɗan Atiku".

Malama, ke ce kika zaɓi a zage ki da a rasa iri. Ke ce uwar rogon da aka raɗa wa sunan wani, ba ki ce uffan ba, da yake kin saba.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ba a yi walima ba. Malam Atiku kaɗai ya zo, ya jingina keke, ya zauna bakin ƙofa awa biyu cur, ko tari bai yi ba. Da ta fito da jakarta ta gan shi, sai ta riƙe baki.

"Haba Baba, ai da ka yi magana! An kwashe kwalaben tun jiya."

"Ina na sani? Cewa na yi kada in kashe wa wani rogonsa."

Mun gode, Malama Felicia, Allah ya saka da alheri. Masu aiki, ku koyi rufe baki a kan abin da aka ba ku amana. Sauranmu da muka ci rogon muka ci namanta, motarta sai ranar Asabar za ta tashi. Ku je ku yi sallama. Yanzu tana amsawa.