Gwaggo Verna da Ƙanƙarar Maƙwabcinta

Gwaggo Verna Heikkila yayar mahaifina ce. A Calumet, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi kusa da babban tafki, aka haife ta, a nan kuma ta tsufa. Ta yi girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, kuma tun can aka san ta da rashin yarda. Ko likita ne ya rubuta mata magani, sai ta tambayi wani ko da gaske na ciwon ne.

Mijinta Arvo shi ke kwashe dusar ƙanƙara daga hanyar gareji da shebur tun aurensu. Da ya rasu, ta ce ba za ta ɗauki kowa aikin ba, don rabi suke yi su gudu. Injin share ƙanƙara za ta saya. Ni na kai ta kanti. Mai kantin ya nuna mata wani ƙarami mai batir, ya ce shi ya dace da ita.

Ta dube shi ta ce, "Da ni ya dace, ko shi ne ya ƙi barin kantinka?"

Ta sa aka kwantar da injuna ta leƙa haƙoransu, ta murza tayoyi. Daga ƙarshe ta zaɓi babba mai shan fetur, mai tura kansa, wanda ake tayarwa da lantarki, don kafaɗarta ba ta jan igiya. Ta ƙi yarda a kai mata gida, wai za a musanya a hanya. A bayan motata muka ɗauko shi.

Nan da nan ta ƙware. Takan fara daga tsakiya, ta juya bututun watsawa inda iska ta nufa, ta gama kafin kofinta ya huce.

Da sanyi ya yi tsanani sai ta fara kirana da ƙorafi. Duk ranar da ta share, in ta sake fitowa sai ta tarar da tudun ƙanƙara haɗe da tsakuwa a gefen da ta yi iyaka da Duane Koski, tsohon direban babbar mota da ke zaune shi kaɗai. Na ce mata iskar tafki ce. Ta ce iska ba ta ɗauko tsakuwa. Hanyarta siminti ce, tsakuwa kuwa a gidan Duane take. Ta tuno mini cewa Arvo ma ya taɓa yin rigima da shi kan shinge, ta ce da ma Duane jira yake mijin nata ya kau.

Ta kafa kujera a tagar kicin. Wata safiya ta gan shi ya fito da injinsa, bututun na kallon gidanta tun daga farko har ƙarshe. Ta zura takalma ta fita. Ya kashe injin, ya ce mata bututun ne ya daskare. Ta kama mariƙin ta juya, ya juya sumul.

"To, Duane, sai wata ƙaryar kuma."

Ya koma ya kama injin. A nan ta lura hannunsa na hagu na lilo a cikin safar hannu, kuma da cinya yake tallafar injin. Da ta matsa masa, ya ce tun kafin Kirsimeti ya tashi ya ga hannun haka, shi ya sa ba ya iya juya bututun. Bai gaya wa 'yarsa da ke Green Bay ba, don ya san gidan tsofaffi za ta kai shi.

Gwaggo ta ce, "Cire safar ka matse hannuna."

Ya cire, ya matse. Daga baya ta gaya mini yatsun kamar jiƙaƙƙen tsumma, amma ta ƙara da cewa mutum na iya yin haka da gangan. Duk da haka ranar ta sa shi a mota ta kai shi asibiti, ta ce in ya ƙi, ita za ta kira yarinyar. Ta bi shi har gaban likita don kada ya juya zancen. Aka ce ɓarin jikinsa ne ya ɗan shanye, kuma da an ƙara jinkiri da abin ya fi haka.

Sauran lokacin sanyin ita ta riƙa share gidajen biyu. Tsakuwarsa ta karya mata ƙusar haƙoran inji har sau da dama, ta riƙa canzawa da kanta tana mita. Shi kuma yana tsaye a ƙofa yana ce mata ta bar wani lungu, tana ce masa ya zo ya nuna da hannun mai lafiya.

Da ƙanƙara ta narke 'yar ta zo ta tafi da shi gidanta. Gwaggo na kiransa kowace Lahadi bayan coci. Ya ce mata yana jin daɗin zama a can. Ita dai ta ce mini muryarsa ta cika fara'a, tana jin yarinyar na tsaye a kansa in yana magana.