Aka Goye Ni

A gidan rediyon, ofishinta ne na ƙarshe a baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Malama ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe alli ba. Tun tana budurwa har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, aiki guda take yi: shirin mako-mako na hira da marubuta. Kamfanonin ɗab'i su aiko mata da sabon littafi, ta karanta, ta gayyato mai shi, su zauna gaban makirufo, ko Allah zai sa wani ya ji ya je ya saya.

Tana da nata tsarin da ba ta saɓa masa. Kowane littafi sau biyu take karanta shi. Karon farko ba ta riƙe fensir, don ta ji abin da mai saye zai ji, sai a karo na biyu take ja wa jimloli layi tana fitar da tambayoyi. Ba ta taɓa tambayar marubuci abin da ya ja hankalinsa ya yi rubutu ba, domin a ganinta wannan tambayar wanda bai buɗe littafin ba ce. Kafin ranar hira takan buga wa marubucin waya ta ji yadda yake furta sunan littafinsa da bakinsa, tunda takarda ba ta nuna inda murya ke hawa da sauka. Ta koyi wannan ne da wuya, ranar da ta gabatar da wani littafi kamar ana maganar baƙin launi, alhali baƙin da suka sauka a gida ake nufi. In marubuci ya iso, ruwa mai ɗumi take ba shi, ta ja shi da hirar hanya da ta iyali har rawar muryarsa ta kwanta, sannan ta ɗaga wa Injiniya hannu. Shi Injiniyan dattijo ne mai yawan barkwanci, wanda ya tsufa a bayan gilashin ɗakin ɗaukar murya yana murɗa maɓallai.

Marubutan suna yabon ta. Kowa ya sa hannu a littafinsa, ya rubuta godiya, ya tafi, ba za ta sake jin ɗuriyarsa ba sai ya buga wani. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Ɗaki biyu take haya a saman shagon wani tela, kwalayen littattafai sun cinye guda, ita tana ɗayan. A cikin motar haya takan ji fasinjoji suna gardama a kan abin da wani marubuci ya faɗa a shirinta, ta yi shiru tana kallon titi, don in ta yi magana za a gane muryar, a juyo a kalle ta, ita kuwa ba ta san abin da za ta yi da kallon ba.

Ɗan'uwa guda gare ta a duniya, ƙanenta, wanda take kira Auta. Mahaifiyarsu ta rasu ba a daɗe da yaye shi ba, ita kuma tana gab da gama firamare, don haka rainonsa a hannunta ya faɗa. Ya shiga makaranta ke nan mahaifinsu ya bi bayan matarsa. Sai gwaggonsu ta zo ta zauna da su na ɗan lokaci, sannan ta tafi da yaron garin da take aure, ita kuma yarinyar aka tura ta makarantar kwana, daga can ta wuce aiki. Ba faɗa tsakaninsu, ba gaba. Nisa ce kawai ta yi musu abin da takan yi. Yana kiran ta a waya jefi-jefi, ya gaishe ta da ladabi, ya ba 'ya'yansa su gaishe ta, kafin a yi nisa magana ta ƙare.

Wata rana aka ajiye mata sabon littafi a kan tebur, ta duba bango ta ga sunansa. Labarin ƙuruciyarsa ya rubuta. Kamfanin bai san 'yar'uwarsa ce ba, ya aiko ne kamar yadda ya saba. Da yamma sai ga wayarsa, yana dariya yana cewa an gaya masa wurinta za a fara kai shi, don Allah ta yi masa sauƙi. Ta ce sauƙin da take yi wa kowa shi za ta yi masa.

Littafin ya yi kyau, wannan ba ta musa ba. Mahaifinsu yana da babi, Gwaggo tana da babi biyu, kafintan da ke maƙwabtaka da su yana da nasa, har kyanwar gidan an ba ta shafuka. Ita kuwa sau ɗaya ta ci karo da kanta, a wani layi da ya ce yana da yaya mace wadda yanzu take aiki a gidan rediyo. Da ta ɗauki fensir a karatu na biyu ne ta ga inda sauran nata ya shige. “Da zazzaɓin ya yi tsanani, aka goye ni cikin ruwan sama zuwa asibiti.” Ta ja layi. “Aka riƙa yanko manyan baƙaƙe daga tsohuwar jarida ana jera mini a ƙasa, har na iya haɗa sunana.” Ta ja layi. Aka ɗinka masa jakar makaranta da tsohon zane, aka kwana ana yi masa fifita, aka ɓoye masa cewa Inna ba za ta dawo ba har ya yi wayo. Duk inda hannunta ya taɓa shi, da “aka” ya rubuta.

Wadda ta ci abinci da harshe tsawon rayuwarta ta san wannan 'yar kalma ba a banza take zuwa ba. Mai magana yakan ce “aka yi” idan bai san wanda ya yi ba, ko idan wanda ya yi ɗin bai kai a ambace shi ba. Akwai kuma wanda kan faɗe ta don nauyin mutumin ya hana bakinsa kama suna. Wanne ne a ciki? Abin da ya hana ta jin ɗanɗanon abinci ke nan a makon. In girmamawa ce, ta gode Allah. In rashin sani ne, da magani. Amma in ya sani sarai, ya ga dai ba ta kai kyanwa ba, to gara ta ji, ta san matsayinta.

Sai dai tana da ƙa'ida, cewa mai hira ba ya tambaya don kansa, don mai sauraro yake yi. Ta rubuta tambayar a ƙarshen takarda, ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta lallashi kanta da cewa duk mai karatu da natsuwa zai so ya ji amsar.

Ranar hira ya iso tare da wakilin kamfanin, wani mai yawan duba agogo, domin akwai wani gidan rediyon da ke jiran su. Auta ya yi ƙiba, sanƙo ya fara masa irin na mahaifinsu. Ya rusuna ya ce, “Yaya, mun same ku lafiya?” Injiniya ya leƙo daga ƙofa, ya ce ashe Malama tana da dangi, su da suka zaci a cikin kwali aka kawo ta tare da littattafai. Aka yi dariya. Ta zuba wa ƙanen nata ruwa mai ɗumi kamar kowa.

Da jar fitilar fara ɗaukar murya ta kama, ta koma Malama, shi kuma ya zama Malam. Ta tambaye shi kafintan, da yadda ya iya tuna ƙamshin katako bayan shekaru masu yawa. Ta sa shi ya karanta sakin layin da ya fi so. Ya saki jiki, yana magana da hannuwa. Da ta ga lokaci ya ja, ta dubi ƙasan takardarta.

“Malam, akwai wani a littafin nan da ya fi kowa aiki, amma ba shi da suna. Aka goye ni, aka koya mini baƙi. Mai karatu zai so ya sani, wane ne wannan aka?”

Ya shafa kansa. Ya ce ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, har editansa.

“Gaskiya ban sani ba,” in ji shi. “Na yi ta ƙoƙarin tuno fuskar, ta ƙi zuwa. Kin san wanda aka goya ba ya ganin fuska, ƙeya yake gani. Na tuna ƙamshin sabulu a wuya, na tuna ana haki. Zatona Gwaggo ce. Na tambaye ta kafin ta rasu, ta ce ita ba ta riƙe irin waɗannan abubuwa ba. Ni kuma ban so in rubuta abin da ban tabbatar ba.”

Amsa ce mai kyau, irin wadda ke sayar da littafi. Abin da aiki ya ce shi ne ta yi godiya ta rufe shiri. Ta buɗe baki don ta yi hakan, sai wata magana ta riga ta fitowa.

“Gwaggo ba ta iya karatu ba, Auta.”

Injiniya ya ɗago kai a bayan gilashi. Auta ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, kamar mai lissafi a zuci. Ta ga lokacin da ya tuna cewa Gwaggo ba ta zo gidan ba sai bayan rasuwar mahaifinsu, kuma kafin nan ba wata mace a gidan sai ita.

“Amma Yaya, ai ke yarinya ce a lokacin.”

“Yarinya ce. Shi ya sa ka ji ana haki. Nauyi gare ka tun kana ƙarami.”

Ya yi kamar zai yi dariya, dariyar ta maƙale. Ya ce a ransa ita kullum babba ce, murya ce da ke fitowa daga rediyon Gwaggo, bai taɓa kawo ta cikin wancan gidan ba, shi ya sa ko tambayar ta bai yi tunanin yi ba. Wakilin kamfani ya ƙwanƙwasa gilashi yana nuna agogo. Malama ta gyara zama, ta gode wa marubuci, ta faɗi sunan littafin da shagunan da ake samun sa, a hankali, yadda mai neman biro zai samu ya rubuta.

A harabar gidan Auta ya riƙe hannun ƙofar mota ya ce zai gyara a bugu na biyu, zai sa sunanta a duk wuraren. Ta ga littattafai da yawa, ta san kaɗan ne ke kai wa bugu na biyu, amma ba ta gaya masa ba. Ta ce ya bar shi yadda yake, jimlolin sun zauna daidai, ya gaishe mata da yara. Motar ta fita, mai gadi ya mayar da ƙofa.

Da suka zauna tace shirin, ta sa Injiniya ya yanke daga inda ta ambaci Gwaggo zuwa inda ta yi godiya, domin wannan maganar gida ce, ba ta masu sauraro ba. Bai yi barkwanci ba ranar. Ya yanke, ya haɗa bakin biyu, ba mai iya jin tabon.

Ranar da aka watsa shirin tana ɗakinta, ƙarar keken tela na tasowa daga ƙasa, ta saurara har ƙarshe ita kaɗai. Ta kashe rediyo ke nan waya ta yi ƙara. Ko gaisuwa Auta bai gama ba ya ce, “Yaya, me kuma na manta?”

Ta tambaye shi ko yana da lokaci. Ya ce ba shi da yawa, yana kan hanya. Ta jawo kujera zuwa bakin taga inda waya ta fi kamawa, ta fara masa daga ranar ruwan saman, da takalminta da ya tsinke kafin su kai asibiti.