Mai Mayafin Aro

Ƙanwata ce ta sake zuba mini fim ɗin a waya, shekaru bayan rikici ya kore mu daga unguwar Miskine. Tsofaffin labaran wani mai binciken laifi ne na ƙasar Ingila, aka sabunta su don talabijin, aka ba mutumin wayar hannu da doguwar kwat, aka juya maganar zuwa Faransanci. Kallon farko a gidanmu na Miskine na yi shi, tun Baba na da rai, tun gidan na da rufi. A lokacin damuwata kawai in san wa ya yi kisan. A karo na biyu na riga na san kowane mai laifi, sai na koma kallon yadda mutumin ke aikinsa. Ya dubi takalminka ya faɗi inda ka fito, ya dubi farcenka ya faɗi sana'arka. Na ce a raina, wannan ai ba tsafi ba ne, ni ma ido biyu gare ni.

Ina sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar. Tsakanin azahar da la'asar ciniki kan mutu, sai in jingine wayar a jikin dila in kalli kashi guda, sannan in gwada a kan masu wucewa. Wancan direban Kamaru ne, dubi yadda rana ta ƙone masa hannun hagu. Waccan kuwa da faɗa ta baro gida. Ƙanwata, wadda in ka yi mata Hausa sai ta amsa da Sango, yaren garin nan, ta laƙaba mini Madam Kwamisa, wai shugabar 'yan sanda. Ina nuna fushi, amma sunan ya yi mini daɗi.

Ba fim ne ya koya mini zargi ba. Duk wanda ya taɓa gudu daga gidansa da kayan jikinsa kaɗai, ya san yadda ake kallon baƙuwar fuska. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya sa na ɗauki zargina ilimi.

Wata Talata wata budurwa ta tsaya a shagona. Mayafinta sai zamewa yake, tana gyarawa kamar mai riƙon jaririn wani. Ta yi sallama harafi harafi, sannan ta koma Sango. Ta taɓa farin yadi, ta tambayi kuɗinsa, na faɗa, ba ta taya ba. Wa ke jin farashin farko a kasuwarmu ya yi shiru? Kwana biyu ba a yi ruwa ba, amma silifas ɗinta da jan taɓo, irin na kwatar bayan Miskine da ba ta bushewa. A wuyanta akwai siririn shatin sarƙa, kuma hannunta na yawan zuwa maƙogwaro yana neman abin da babu. Gicciye ta cire, ko shakka ban yi ba. Na miƙa mata benci, ta ƙi zama. Jakar da ta rungume a ƙirji ba ta ajiye ba ko sau ɗaya.

Ta dawo Alhamis. Maƙwabciyata mai sayar da zare ta ce yarinyar ta tambaye ta ko ni ce 'yar malamin nan na Miskine. Kirista ta yi shigar Musulmi, tana neman ni da sunan ubana, da jakar da ba ta taɓa ƙasa. Mun sha ganin abin da ake ɗaukowa a jaka a garin nan.

Ranar Asabar da na hango ta, na yafito shugaban samarin da ke gadin layinmu.

"Waccan mai shuɗin mayafi, ba tamu ba ce. Sau uku ke nan. Ka dubi jakar."

"Hajiya, koma ciki. Bar mana."

Suka zagaye ta. Tana ta cewa da Sango kada su taɓa, kada su taɓa, su kuwa wannan ya ƙara musu ƙarfi. Ɗaya ya fizge jakar, ta yage. Gafaka ce ta faɗo, tsohuwar jakar fata ta Alƙur'ani. Igiyarta ta tsinke. Alƙur'anin rubutun hannu ba a ɗinke shi, warƙa warƙa ake jera shi, don haka ya watse a tsakiyar layi, a kan ɓawon ayaba da sawun baro.

Wani ya cire mata mayafi. Wani ya ce, "Kirista ce, ga Alƙur'ani a ƙasa!" Na ji ƙarar marin da aka yi mata kafin in ga wanda ya yi shi, na kuma ga mutane na sunkuyawa, ba duka ne takarda suke nema ba, wasu dutse suke lalube.

Warƙa ɗaya ta faɗi kusa da ƙafata. Jar tawada da rawaya, da wata 'yar ƙugiya a wutsiyar harafi. A kan wannan rubutun aka koya mini karatu.

Ban san lokacin da na faɗa kan yarinyar na kare ta da jikina ba. Ina ihu da Hausa, ina ihu da Sango. "Na Babana ne! Ku ne kuka zubar, ni na sa ku! Wanda zai dake ta ya fara da ni!" Allah ya sa akwai dattawa biyu a kusa da suka san Baba. Su suka kore samarin, suka sa kowa tsintar takarda.

A cikin shago, leɓenta na jini, ta gaya mini ko ita wace ce. 'Yar kafintan da muke katanga ɗaya da shi ce, wadda na bari tana firamare. Ranar da aka fara kwashe kwanon rufinmu, ubanta ya shiga ya ɗauko gafakar, ya ɓoye a saman silin duk shekarun nan. Watan jiya ya rasu. Ya bar mata wasiyya ta kawo mana Alƙur'anin, ta naɗe shi a sabon farin ƙyalle, kada ta bari ya taɓa ƙasa. Mayafin na wata abokiyar aikinta ne.

Duk abin da na karanta a jikinta gaskiya ne, ko ɗaya ban kuskure ba. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

"Me ya hana ki magana tun farko?"

"Yaya, na so. Duk sanda na buɗe baki sai in ga yadda kike kallona."

Na ba ta haƙuri har muryata ta dishe. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake faɗa don a samu a tafi. Na ce sai na raka ta har gida. Muka taka. Da muka kai inda shagunanmu suka ƙare, unguwar Kiristoci ta fara, ta tsaya, ta ninke mayafin ta riƙe a hannu.

"Ki koma daga nan, Yaya," in ji ta. "Gaba kuma ke za a kalla."