Fasfon Ɗan Ƙanena a Akwatina

A shekarun da zan ba da labarinsu ni ɗan kasuwa ne a Alƙahira. Ina da ƙaramin shago a unguwar Abbasiya, ina haɗa wa mutanen gida jallabiyoyi da turare da littattafai ina tura musu. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba, amma saboda daɗewata a garin ɗalibanmu suna girmama ni. Akwai wata al'ada da muka saba da ita: yaro in ya sauka, sai ya kai wa babba fasfonsa ya ajiye masa don kada ya ɓata, in lokacin sabunta iƙama ya yi, wato izinin zama, ya zo ya karɓa. Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona bai taɓa rabuwa da fasfon 'ya'yan mutane ba.

A cikinsu har da na ɗan ƙanena, wanda muke zaune ɗaki ɗaya. Mahaifinsa tela ne, ya rasu yaron yana firamare. Ni na sa aka turo shi ya karanci shari'a, ni kuma na cika wa mahaifiyarsa da dangi baki cewa malami zan dawo musu da shi. Ashe karatun ya gagare shi, ya bari bai gaya mini ba. Wani Basudane mai gyaran takalma a unguwar Arba wa Nus ne ya tare ni yana dariya, ya ce ya ga ɗana a kan dandamali ya fito a mai gadi, ya ba su dariya har cikinsa ya ƙulle. Da na tambayi yaron bai musa ba. Ya durƙusa ya ce wata ƙaramar kwaleji ya shiga a Giza inda ake koyar da wasan kwaikwayo, a can ne kawai kansa yake ɗaukar karatu. Ana koya musu fitar da murya da tsayuwa a gaban jama'a da rubuta wasa, kuma zango ɗaya ya rage masa, a ƙarshensa kowane ɗalibi zai nuna wasan da ya rubuta a gaban malamai. Na ce masa ban kawo shi Masar don ya zama ɗan kama ba.

A daidai lokacin iƙamarsa ta zo ƙarewa. Ya nemi fasfonsa, na ce ba zai gan shi ba sai ya koma karatun da aka turo shi. Shekarar 2013 ce, gari ba lafiya, ko'ina shingen sojoji, baƙon da ba shi da iƙama kuwa tsoro ne abokin tafiyarsa. Sau ɗaya aka sauke shi daga mota a hanyar Giza, da ƙyar ya roƙa aka sake shi. Daga ranar bai ƙara wuce bakin layinmu ba. Na ɗauka kwana kaɗan zai yi ya sauko. Bai sauko ba, bai kuma yi mini rashin kunya ba. Yana share ɗaki, yana dafa abinci, in na dawo ya karɓi jakata ya ce wa Baffansa sannu da zuwa, sannan ya koma gindin taga ya zauna.

Ni ma ban san yadda zan fita daga abin da na ƙulla ba. In na ba shi fasfon na sha kaye, in na riƙe ina kallon yaro yana ramewa a gabana. Duk Juma'a mahaifiyarsa takan kira, in ce mata yana gaban malamai yana ƙoƙari, shi kuwa yana zaune yana jina. Abokan karatunsa Misrawa suka zo roƙo, suna ta kirana ya Hajj, suna ma'alish, wato in yi haƙuri, suna cewa wasansa ya fi na kowa a ajin. Na ba su shayi na sallame su. Yau na san ba wasan ne ya fi damuna ba, kunyar bakin da na cika a gida ce.

Wata rana bayan La'asar na rufe shago da wuri. Ina isa ƙofar ɗaki sai na ji muryar marigayi ƙanena. Gyaran muryarsa kafin ya yi magana, yadda yake jan kalmar Yaya in zai tsokane ni, har da 'yar dariyar nan ta hanci. Na tura ƙofa, na ga yaron shi kaɗai tsakanin gado da bango, ya tura hula ƙeya, ya sauke kafaɗa ɗaya yana taka keken ɗinkin da babu shi. Ashe wasan da ya rubuta a kan mahaifinsa ne, telan da ke ɗinka wa 'ya'yan unguwa kayan Sallah, na ɗansa ya zo ƙarshe.

Na jawo akwatin na miƙa masa fasfon. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, sannan ya ce an riga an nuna wasannin tun makon da ya wuce, shi dai yana maimaitawa ne don kada muryar ta ɓace masa. Da muka je ofishin iƙama aka ce ya daɗe da wuce wa'adi, sai dai ya bar ƙasar. Ni na raka shi filin jirgi.

Yanzu duk muna gida. Yana da shagonsa da iyalinsa, yana zuwa gaishe ni, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma hakan ya fi mini zafi. Ina kira ga manyan da ke riƙe da takardun 'ya'yan mutane a ƙasar waje: ajiya aka ba ku, ba igiya ba. In za ku yi wa yaro faɗa ku yi da baki, ku je ku ga abin da yake yi kafin ku yanke hukunci. Bara da Sallah, 'ya'yansa suna zaune a gabana, na roƙe shi ya yi musu muryar kakansu ko sau ɗaya. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri, ya manta.