Tayoyin da Babana Ya Karkatar

Ranar wata Talata ce bayan an gama cirar gyaɗa, shekaru kaɗan kafin Turawa su sauka daga mulki, ina 'yar shekara tara. Na taho da akushin Babana a ka, na shiga farfajiyar kamfanin gyaɗa da ke gefen garin Kazaure, sai na iske shi tsugune gaban wata ƙaramar koriyar mota ya dafe haɓa. Mai motar na tsaye a kansa. Baturen kamfanin ne, wanda duk gari ke kira Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Yana ta zane a ƙasa da tsinke, tafinta yana juya magana. Ban taɓa ganin Baba ya kalli mota da irin wannan fuskar ba, sai na sauke akushin a gindin darbejiya.

Baba shi ne bakaniken kamfanin, kuma gidan da muke ciki a bayan farfajiyar na kamfani ne. Ko ni da nake yarinya na san cewa ranar da aikin nan ya tafi, gidan ma ya tafi, sai mu koma ƙauyenmu can wajen Gwiwa. A wannan farfajiyar na yi wayo. Da safe in na dawo daga makarantar allo in taya Inna surfe, in ɗebo ruwa, da yamma mu yi carafke da tsofaffin notuna maimakon duwatsu, ƙannena suna gara tayar da aka yar har su kai bakin rijiya. Sunan da Baba ya yi kuwa a kan saita ƙafar mota ya yi shi. Direbobin lori daga Roni da Babura sukan kawo masa motar da ke cin taya ko take ja gefe guda. Sai ya kafa turaku huɗu, ya ja zaren saƙa ta gefen tayoyin, ya yanko miƙaƙƙen karan dawa ya auna gaban taya da bayanta, ya zauna yana juya ƙarfe kaɗan-kaɗan. Yakan ce mana, "Mota kamar jaki ce, in ƙafa ta karkace, kaya ne ke shan wahala."

To wannan mutumin ne Mai Lofe ya ce wa ya karkatar da taya da gangan. Ashe Turawan Kano suna da wani shimfiɗaɗɗen fili inda suke tseren mota ran Lahadi, manya da su suna ta zagaye, kuma an sha barin Mai Lofe a baya. Shi ne yake so a ƙara wa sifirin ƙarƙashin motar fallen ƙarfe ya yi tauri, a sauke motar ta kusa taɓa ƙasa, a kwantar da kan tayoyin gaba su jingina ciki, a ɗan buɗe bakinsu waje, wai ta haka za ta riƙe ƙasa in an sha kwana da gudu. Da tafinta ya gama, Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A gida ne ya buɗe baki. Ko tuwon bai taɓa ba. Ya ce wa Inna a fili mai santsi dabarar Baturen daidai ce, amma motar da aka yi wa haka in ta hau gargadar hanyar Babura tsalle za ta riƙa yi, in kuma ta shiga yashi sitiyarin zai fizge daga hannu. Inna ta ce, "To Malam, ka faɗa masa mana." Ya dube ta ya ce, "Ni? Gaban tafinta da leburori in nuna masa bai san motarsa ba?" Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A lokacin ba a gyara wa babba magana ido da ido, ko hakimi ne, balle Bature. Sai dai a nemi wanda ke shiga wurinsa in ya sake, a ba shi maganar ya kai cikin dabara. Don haka bayan la'asar Baba ya ba ni ƙullin goro na riƙe, muka zagaya bayan gidan Mai Lofe wurin kukunsa, Baba Modu, wani dattijo mutumin Barno mai 'ya'ya bakwai. Da kunnena na ji saƙon: in an gama aikin, motar ta zama ta fili, kada maigida ya hau hanyar Babura da ita, ko Kano ma ya tafi a hankali. Baba Modu ya karɓi goron ya ce, "An gama, Malam. In ya ci ya ƙoshi zan saka masa a kunne."

Kwana uku Baba ya yi a ƙarƙashin motar nan, kuma wallahi bai yi ha'inci ba. Ya ɗaga ta, ya kwance sifirin ya ƙara falle, ya cusa 'yan siraran ƙarafa har tayoyin gaba suka jingina kamar ƙafafun gwame, ya ja zarensa ya auna, ya sake aunawa. Da aka sauke ta sai ta zauna dab da ƙasa, in ka danna ta ko motsi ba ta yi. Mai Lofe ya zagaya farfajiyar da ita sau biyu, ya fito yana dariya, har ya bubbuga kafaɗar Baba. Mu yara muka yi ta murna, don mun ɗauka magana ta ƙare.

Ran Asabar da hantsi ina wanke-wanke a ƙofar gida sai na ga koriyar mota ta fito. Maimakon ta nufi Kano, sai ta karya ta ɗauki hanyar Babura. Na watsar da ƙwaryar na ruga gareji. Baba ya fito da sifana a hannu, ya tsaya yana kallon bayan motar. Lorin kamfani ya tafi Roni ɗaukar gyaɗa, babu wata mota a farfajiyar. Sai ya hau kekensa ya bi ta. Keke fa, bayan motar da shi da kansa ya shirya wa tsere. Ya kai bayan gari ya dawo jiƙe da gumi, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Kafin azahar wani mai doki ya kawo labari: motar ta yi ta tsalle a gargada, ta faɗa yashi, ta wuntsila cikin wata gona. Mai Lofe bai mutu ba, amma ya karye a hannu da kafaɗa.

Da ya dawo daga asibitin Kano, hannu rataye a wuya, ya sa aka kira Baba gaban barandarsa. Na bi a ɓoye na laɓe bayan shinge. Baba ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Tafinta ya ce, "Maigida na tambaya, ka san motar ba za ta iya hanyar ba?" Baba ya ce ya sani. "To don me ba ka faɗa masa ba?" A daidai lokacin Baba Modu na tsaye bakin ƙofa da faranti. Babana bai ko dubi wajensa ba. Ya ce, "Ban faɗa masa ba, ransa ya daɗe." Ni kuwa maganar na bakina, ni na riƙe goron, na san an kai saƙo. Amma wace ce ni? Yarinya 'yar shekara tara a bayan shinge. Na cusa gefen zanena a baki na yi ta kuka babu sauti, ina kallo aka karɓi mabuɗin akwatin kayan aiki daga hannunsa, aka ba mu mako guda mu bar gidan.

Daga baya matar Baba Modu ta gaya wa Inna cewa sau uku mijinta yana buɗe baki a wurin cin abinci, sai ya ga yadda Baturen ke ɗokin motar, ya ji tsoro ya fasa isar da saƙon. Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, ba zan ɓoye ba. A jakuna muka ɗaura kayanmu zuwa Gwiwa. Baba ya koma noman gero da gyaɗa, labari kuma ya riga mu isa ko'ina cewa shi ne bakaniken da ya kusa kashe Bature, don haka babu direban da ya sake kawo masa mota. Sai da na yi aure na haihu sannan na iya tambayarsa abin da ya hana shi faɗin gaskiya a ranar. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba ya ce, "Dije, da na faɗa, gida biyu za a kora. Kuma ai ni ya kamata in faɗa tun farko."

Yanzu in jikana ya kai ni Kazaure, nakan zauna a mota yana ba da ita a saita mata taya. Na'ura ce ke yin aikin cikin 'yan mintuna. Kwanaki na ji wani yaron gareji, ko gemu bai yi ba, yana ce wa wani babban mutum, "Alhaji, wannan ba zai yiwu ba, za ka kashe kanka," yana tsaye, hannu a aljihu. Alhajin ya yi dariya ya ce to a bari. Na ji daɗi, sannan na juya kai don kada jikana ya ga idona. 'Yar wannan maganar ce ta fi ƙarfin gidanmu gaba ɗaya.