Mai Rawanin da Ya Ci Waken Mma

Ko da tsufa zai sa in manta ranar aurena, wadda dama ba wani abin kirki aka yi a cikinta ba, ba zan manta ranar da aka zaunar da mai unguwarmu a ƙasa aka miƙa masa kwanon wake ba.

Ni haifaffiyar Salaga ce, aure ne ya kai ni Bawku inda nake sayar da atamfa. Mahaifiyata, wadda mu da duk unguwa muke kira Mma, ta ci gaba da zama a gidan mahaifinmu bayan rasuwarsa, tana sana'ar da ta raine mu da ita, wato wake da shinkafa a ƙofar gida kowace safiya. Rabin magidantan unguwar da wakenta suka yi ƙashi. Sai wani maƙwabcinmu ya kwanta ciwo, zazzaɓi ya hau masa kai, ya yi ta sambatu yana cewa ga Mma nan tana miƙo masa kwano. Bai tashi ba. Mutumin da kusan kullum a wurinta yake karyawa, ban san wa ake so ya gani yana miƙo masa kwano ba. Amma kafin a tashi daga zaman makoki magana ta zaga unguwa cewa Mma mayya ce.

Da labari ya iso ni na rufe shago, na hau mota ta Yendi, na sauka Salaga da jar ƙasa har cikin kunne. Na tarar da Mma zaune a bayan tukunyarta cike, benci babu kowa. Ashe tun da abin ya faru ba ta fasa dafawa ba ko sau ɗaya. Ta dafa, ta zauna, rana ta take, ta juye wa awaki. Awakin unguwarmu ba su taɓa yin ƙiba irin ta wannan shekarar ba.

Limamin ƙaramin masallacinmu ya yi wa'azi cewa ƙazafi haramun ne, kuma na yaba masa. Sai dai duk ranar da Mma ta aika masa da kwano kamar yadda ta saba, sai a dawo da shi a ce malam yana azumin nafila. Mutumin da muka sani da son abinci ya koma waliyyi cikin ɗan lokaci. Dattawa kuma suka kira ni gidan mai unguwa, suka yi mini magana mai laushi. Suka ce matasa sun fara zafi, gara in tafi da ita Bawku, in ba haka ba akwai wani ƙauye bayan Yendi inda ake ajiye tsofaffin matan da aka yi wa irin wannan zargi. Na kawo wa Mma maganar Bawku, ta dube ni ta ce, "A ɗakin nan na haife ki. In na bi ki, na amsa ke nan. Ni da gidan nan sai makara."

A daidai lokacin ne masu haƙa rijiyar burtsatse suka sauka a filin da ke tsakanin gidanmu da na mai unguwa. Salaga gari ne da ya yi suna da rijiyoyi, amma da rani ka ga mata da jarka ka rantse ba a taɓa haƙa ko ɗaya ba. Shugaban masu aikin wani dogon mutumin Indiya ne, da gemu har ƙirji da shuɗin rawani naɗaɗɗe tsaf. Mu a wurinmu rawani ba ya hawa kan kowa, sai malami ko mai sarauta. Don haka tun kafin ya sauke injinsa dattawa suka yanke hukuncin cewa babban shehi Allah ya jefo mana. Aka yi ta zuwa ana durƙusawa, wata ma ta kawo jaririnta a tofa masa addu'a. Shi kuwa da Hausarsa ta zango, wadda ya tsinta a wuraren aiki tsakanin Bawku da Nalerigu, yana ta cewa, "Ni ba malam ba, ni mai tona ruwa ne." Aka ce ka ji tawali'u irin na manya.

Mai unguwa ya sa aka kayar da rago, aka yi tuwo da miya, aka shimfiɗa a ƙofar gidansa. Daga zaurenmu nake kallo, tunda 'yar mayya ba a gayyatarta girki. Baƙon ya dubi naman ya haɗa hannu biyu ya ce, "Baba, sori, ni ba ni cin nama." Ya yi bayani cewa shi ba Musulmi ba ne, addininsa Sikh ake kira. Allah ɗaya suke bauta wa, ba su da gunki, ba sa aske gashi don a yadda Allah ya yi mutum suke barinsa, rawanin na rufe gashin ne, kuma shi tun da ya ɗauki alkawarin addini bai ƙara sa nama a baki ba. Fuskar mai unguwa ta canza. Ga asarar shehi, ga asarar rago. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Malam, ko wane ne kai, a garin nan ba a mayar wa mutum da abincinsa. In ka ƙi cin nawa, ni ka ƙi."

Sai baƙon ya sauko daga kujerar da aka ba shi, ya zauna a ƙasa, ya jawo kwanon tuwo, ya roƙi gishiri, ya cinye gayan tuwon nan tas ba miya. Na tausaya masa, don tuwon gidan mai unguwa ko da miya sai da haƙuri.

Washegari ya fito neman abincin da ba nama. Ko'ina ya je akwai layi, kuma ko'ina da romo a ciki. Sai ya hango benci ɗaya da ba kowa, ya nufo mu.

"Mma, akwai nama a ciki?"

"Ko mai saye babu, balle nama," in ji Mma.

Ya zauna, ta zuba masa da man gyaɗa da yaji, ya ci, ya nemi ƙari. Ma'aikatansa 'yan gari suka ja shi gefe suka raɗa masa abin da ake faɗa. Ya saurare su har suka gama, ya ce wake ya yi daɗi, gobe ma a nan zai ci. Daga ranar unguwa ta samu aikin yi, wato jiran mutuwarsa. Ana leƙensa ta katanga ana duba ko ya fara ramewa. Mutumin nan sai ƙara kumatu yake. Da aka ga bai mutu ba sai aka ce ai ɗan Indiya ne, kuma ga wani awarwaron ƙarfe a hannunsa, maganin mayu ne.

Ni ma da bakina da ba ya shiru na tambaye shi. Ya dubi awarwaron ƙarfen ya yi dariya ya ce ba magani ba ne, tuni ne. In hannu ya miƙa zai yi abin da bai dace ba, sai ya ga ƙarfen ya tuna Allah na kallo. Na ce to 'yar wuƙar da ke rataye a kugunsa fa? Ya ce wannan ba ta yanka albasa ba ce, ana ɗaukarta ne don a tuna cewa dole a tsaya wa wanda ba shi da mai tsaya masa.

Dattawa dai ba su fasa ba. Sun ce ba za a yi abin kunya a gaban baƙi ba, amma da zarar ruwa ya fito masu aiki sun tafi, Mma za ta bar unguwa. Ina jin ni kaɗai ce a duk Salaga nake addu'ar injin nan ya ci karo da dutse. Allah bai karɓa ba. Wata hantsi ruwa ya yi tsiri sama, mata suka ɗauki guɗa, ni kuma na shiga bayan gida na yi kuka mai isata.

Da baƙon ya zo cin abinci ya ga idona, na gaya masa komai. Bai ce zai yi wa kowa magana ba. Ya ce a addininsu akwai abin da suke kira langar: a dafa abinci kyauta, kowa ya zo, mai kuɗi da talaka, nasu da wanda ba nasu ba, a zauna a ƙasa sahu ɗaya a ci daga tukunya ɗaya. Dafawa da rabawa da wanke kwano duk ibada ce. Ya ce duk inda ya samu ruwa yakan yi don godiya ga Allah. Ya juya ga Mma ya ce, "Mma, kai za ka dafa. Wane rana ka so?"

Mma ta ce Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Sai daga baya na gane dalilinta: Juma'a ba a ware ta ita kaɗai da azumin nafila.

Da aka ji wadda za ta yi girki sai aka fara raɗe-raɗin cewa wanda bai ci ba za a hana shi ruwa. Baƙon ya sa aka faɗa wa kowa cewa ruwa ba nasa ba ne balle ya kulle, wanda ya ga dama ya ci, wanda bai ga dama ba ya ɗebi ruwansa ya tafi. Ya sayo buhun wake da na shinkafa, ya naɗe gemu, ya zauna a tsakar gidanmu yana yanka albasa da wuƙar Mma, hawaye na bin gemun.

Ranar Juma'a fili ya cika, kowa da kwanonsa, amma kallo aka zo yi. Abin da ya fara rikita mutane shi ne ganin mai rawani a bakin tabarma yana karɓar takalman jama'a yana kakkaɓewa yana jerawa, har da silifas ɗin masu dako. Aka kawo kujerar mai unguwa, ya tare ta da ladabi ya ce, "Baba, a langar babu kujera. A ƙasarmu har babban sarki ya zo ganin malaminmu, an ce sai ya zauna ƙasa ya ci da talaka tukuna." Mai unguwa ya ji an haɗa shi da babban sarki, ya tattara riga ya zauna. Ga liman a damansa, ga mai gyaran keke a hagunsa, mata kuma a nasu sahun.

Mma ta buɗe tukunya, ƙamshi ya tashi, ta ɗaga ludayi. Ba wanda ya miƙo kwano. Ta tsaya a haka da ludayi a hannu. Na san in aka watse ba a ci ba, gobe war haka muna kan hanyar Yendi.

Sai baƙon ya ɗauki kwano ya miƙa mata, ta zuba. Ya riƙe da hannu biyu ya taka har gaban mai unguwa, ya durƙusa.

"Baba, wannan abincina ne. Ni na sayi wake, ni na yanka albasa, Mma ya dafa. Kai ka koya mani, a garin nan ba a mayar wa mutum da abincinsa."

Mai unguwa ya dubi liman. Liman ya dubi sama, inda babu ko girgije. Duk wanda ke filin nan ya ji maganar ranar rago da kunnensa, kuma ya ga mutumin nan ya haɗiye gayan tuwo saboda ita. Tsohon ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya kai loma. Jama'a duka suka bi muƙamuƙinsa da ido. Ya tauna, ya haɗiye, ya jira. Da ya ga yana nan da ransa, sai ya gyara murya don ya nuna har yanzu shi ne mai unguwa, ya ce, "Gishiri bai ji ba."

Mma ta amsa daga bakin tukunya, ba tare da ta ɗago ba, "Ai likita ya hana ka, Alhaji. Saboda kai na rage."

Mutumin da ke shirin korarta daga ɗakinta, ita tana lissafin hawan jininsa a cikin tukunya. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ci, kuma na ga ya goge ido da hannun riga, ko da yake daga baya ya ce yaji ne. Liman ya miƙo kwanonsa ya ce a cika. Daga nan ludayi bai huta ba har aka kankare ƙanzo.

Ba kowa ya ci ba. Mahaifiyar mamacin ta zauna a gefe da kwanonta a kife har aka tashi, kuma ban riƙe ta a zuci ba, ɗa ta rasa. Akwai waɗanda har Mma ta bar duniya ba su sake sayen wakenta ba. Amma maganar ƙauyen bayan Yendi ba wanda ya ƙara tayar da ita, don duk wanda zai tayar sai ya fara bayanin yadda ya ci ya kwana lafiya. Baƙon ya tsaya ya wanke kwanuka tare da mu, ya ɗaure injinsa, aka ce Kete Krachi suka nufa. Ban ƙara ganinsa ba, ko sunansa na gaskiya ban riƙe ba.

Mma ta yi shekaru bayan haka, kuma a ɗakinta ta cika, daga nan aka ɗauki makararta kamar yadda ta ce. Abin da na koya shi ne, in an yi wa mutum ƙazafi, cewa "Allah ya isar maka" daga nesa ba ya hana a kore shi. Mu duka mun san ƙazafi haramun ne, mun ji a wa'azi mun gyaɗa kai, amma sai da wanda ba ya sallarmu ya zo ya zauna a bencinta ya ci. Ranar sadakar Mma na dafa wake da shinkafa, na shimfiɗa tabarmi, na hana a fito da kujera ko ɗaya. Gishirin ma na rage, don mai unguwa yana sahun gaba.