Gwaggo Tambaya, Wadda Ta Hana Ni Cin Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1986, ana tsakiyar yankan alkama, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Tambaya, ƙanwar mahaifina, a gidanta da ke Bunkure, bayan jinyar da ta sha.

Gwaggo, bara kika iske ni a bayan ɗaki da cikina na biyar, ina ɓantarar ƙasar bango ina ci. Kowa a gidan cewa yake kwaɗayin ciki ne, ba a hana mai ciki abin da ranta ke so. Ke kuwa kika ja fatar idona ƙasa, kika ga ta yi fari fat, kika duba faratana da suka lotsa. Kika ce, "Kubra, wannan ba kwaɗayi ba ne, jininki ne ya ƙare."

Wallahi kamar kina cikin jikina. In na miƙe jiri, in na ɗauki tulu haki, zuciyata na dukan ƙirji ko ina zaune. Kika yi ta faɗa: haihuwa a kai a kai, yawo ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasar gona tsutsa na shiga jiki, ga alayyafo muna nomawa amma duk a kai kasuwa. Haka 'yarki Mairama ta yi ta cin ƙasa ana yi mata dariya, har ta rasu wurin haihuwa. Kika rantse ba za a sake ba.

Ke kika kai ni asibiti a Kura aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Ke kika riƙa aiko hanta da zogale da wake, har na fara ɓuya in na ji sallamarki.

Da ciwo ya kwantar da ke, kullum tambayarki ɗaya, ko na sauka. Ranar Litinin na haihu. Da aka gaya miki namiji ne, kika ce, "Uwar nake tambaya!" Aka ce tana can tana shan kunu tana yi wa mutane faɗa. An ce kin yi dariya, kika yi barcin da rabonki da shi tun da kika kwanta.

Na yi kuka, Gwaggo, amma hankalina a kwance yake, don sai da kika ji ina raye kika tafi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Mairama a Aljanna. Baballe da Ibrahimu, 'ya'yan Gwaggo, Allah Ya ba mu haƙurin rashin uwa.